Allo Ɗaya, Tagogi Biyu: Yadda Masu Binciken Ido Ke Gyara Hoto Ɗigo Bayan Ɗigo

Yau zancen kimiyya ne, amma kada kowa ya gudu, a hankali za mu bi shi.

Ka ɗauki wayarka ka kusanto da allon daf da idonka. Hoton nan da kake gani tarin ƙananan ɗigo ne, su ake kira fiksel. Allon kwamfuta mai 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600, kuma yawanci sau 60 ake sabunta su duk daƙiƙa. Mai kallon fim ba ruwansa idan ɗigo dubu sun ɗan kauce. Amma akwai mutanen da ɗigo ɗaya ma ya dame su, wato masu binciken yadda ido da ƙwaƙwalwa ke gani.

Aikinsu shi ne su nuna wa mutum ko dabba wani zane, misali ratsin fari da baƙi mai motsi, su auna martanin ƙwaƙwalwa. Da irin wannan gwajin, a kan kyanwa da biri, David Hubel da Torsten Wiesel suka samu kyautar Nobel a 1981. Su da majigi suka yi aiki. Yanzu manhaja ake amfani da ita, irin su Psychtoolbox, da PsychoPy da Jonathan Peirce ya fara a Jami'ar Nottingham ta Ingila, a baya kuma an yi amfani da Vision Egg ta Andrew Straw, wanda ganin ƙudaje ya yi bincike a kai.

To ina matsalar? Allo ba ya faɗin gaskiya. Hasken kowane ɗigo ana ba shi lamba daga 0 zuwa 255. Kai ka ce 128 rabin haske ne, ko? A allon da aka saba da shi, abin da zai fito bai wuce kusan kashi 22 cikin ɗari ba. Wannan karkacewar ita ake kira gamma. Mai binciken da bai gyara ta ba, ya rubuta cewa ya nuna wa ido rabin haske, alhali ba abin da idon ya gani ke nan ba. Duk sakamakon da ya gina a kai ya tashi a banza.

Tsohuwar dabara ita ce a auna allon da na'urar awon haske, a loda wa katin hoton kwamfutar jadawalin gyara. Tana aiki, amma jadawalin nan allon gaba ɗaya yake shafa, bai san hagu ba bai san dama ba.

Nan ne zancen taga ya shigo. Manhajar tana iya yanka allo ɗaya gida biyu ko fiye, kowane yanki da nasa zanen da nasa lissafin. Misali idan ana gwada yadda idanu biyu ke haɗa kai su gane zurfi da nisa, sai a sa madubai: idon hagu taga ta hagu kawai yake gani, na dama ta dama. Yanzu a ce madubin gefe ɗaya ya fi ɗaya cin haske. Jadawali ɗaya ba zai gyara tagogin biyu ba, kowace tana son nata.

Wani lokacin ma abin ya fi haka. Idan tabarau ne ke raba wa idanu hoton, irin na fim ɗin 3D, hoton hagu yakan ɗan yoyo zuwa idon dama, sai ka ga kamar inuwa. Maganinsa a rage wa kowane ɗigo na hoton dama ɗan kason abin da zai yoyo daga takwaransa na hagu. Ka ga ke nan, kafin ka kammala hoto ɗaya dole ka leƙa ɗayan.

Shi ya sa ake yin aikin hawa biyu. Da farko ba a zana komai a allon da ake gani. Kowace taga ana zana ta a wani ɓoyayyen allo cikin ma'adanar katin hoto. Sai wani ɗan gajeren umarni ya bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya, ya karanta, ya yi lissafi, ya rubuta sabuwar lamba. Daga nan a manna kowane hoto a tagarsa. Kuma jerin aikin yana da muhimmanci: gyaran gamma a ƙarshe yake zuwa. Ka sa shi kafin ragewar yoyo, lissafinka ya lalace, domin lambobin sun daina tafiya daidai da ainihin haske.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne lokaci. Duk wannan hidimar dole ta ƙare cikin kashi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa, ɗigo sama da miliyan 124 duk daƙiƙa guda. Babban injin kwamfuta da wuya ya jure, sai GPU, wanda ke sarrafa dubban ɗigo a tare. Eh, katin nan dai da ƴan gem ke rububinsa. Idan aka makara ko da ƙiris, tsohon hoton zai sake fitowa, motsin ya yi tuntuɓe, kuma ƙwaƙwalwar da ake aunawa tana iya amsa wannan tuntuɓen. Shi ya sa manhajojin nan ke ƙirga hotunan da suka makara, su kai wa mai bincike rahoto. Mai aiki da ƙuda kuwa 60 ba ta ishe shi ba, don idon ƙuda yana gane walƙiyar da ta kai 200 a daƙiƙa.

Mu tsaya nan. Masu tambaya ku ajiye ta a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.