Abinci Mai Gina Jiki Sai Mai Kuɗi? Inda Gaskiya Take da Inda Aka Ƙara Gishiri

A unguwannin talakawa na birane irin su Kano, ana yawan cewa abinci mai gina jiki na masu hannu da shuni ne, talaka nasa cika ciki kawai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma a nan haɗarinta yake, domin an zuba tsaba da tsakuwa a ƙwarya ɗaya. Sai an tsince kafin a san abin ɗauka.

Tsakuwar farko ita ce zaton cewa lafiyayyen abinci shi ne tuffa da inabi da kayan gwangwani na manyan kantuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a rana, ba ta kuma ce sai na ƙasar waje ba. Gwanda da gwaiba da mangwaro da kankana suna cikin lissafin, haka zogale da rama da alayyahu da kuka. Kwano ɗaya na kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa ya fi biskit da lemon kwalba amfani nesa ba kusa ba. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa suna cike giɓi mai yawa a gidan da nama ya yi wuya.

Tsakuwa ta biyu ita ce cewa ciwon suga da hawan jini cutar masu kuɗi ce. A duba kantar shagon lungu: taliyar leda, farin burodi, sukari a ƙulle, dunƙulen miya, lemon roba. Su ne mafi kusa da hannu, su ne kuma suka fi sukari da gishiri. Ƙa'idar gishiri ƙasa da giram 5 ce a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, alhali dunƙule kaɗai gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Talaka na kamuwa, sai dai bai cika zuwa gwaji ba, har cutar ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Haka kuma ƙarya ce a ce zogale na warkar da ciwon suga. Abinci ne mai kyau, amma wanda ya ajiye maganin likita saboda shi yana wasa da ransa.

To, ina gaskiyar? Tsadar da ake kuka da ita gaskiya ce. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, a ƙididdigar hukuma. Nisa ma gaskiya ne. Kayan miya sun fi araha a 'Yankaba, hatsi a Dawanau, kayan marmari a 'Yan Lemo, amma mai ƙaramin ƙarfi in ya biya Adaidaita Sahu zuwa da dawowa, rangwamen ya tafi. Dole ya sayi kashin tumatir a bakin layi da tsada, ga shi ba firij, ba wutar da za a dogara da ita. Wake yana cin gawayi da lokaci, taliyar leda kuwa minti kaɗan ta nuna. Uwar da ta zaɓi taliya ba jahilci ke damunta ba, lissafi ta yi. Sakamakon yana jikin yara: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi.

Wani zai ce mai jin yunwa ba ya zaɓe, don haka wannan bayani ɓata baki ne. Akwai gidajen da hakan yake, kuma su taimako suke bukata, ba wa'azi ba. Amma gidaje da yawa suna kashe kuɗi kullum a kan lemon roba da biskit na yara, kuɗin da zai sayi ƙullin alayyahu ko yankan gwanda. Wani kuma zai ce a kawo kasuwa kusa, shi ke nan. An gwada haka a Amurka, inda aka buɗe babban kanti a wata unguwar talakawa ta Filadelfiya, bincike ya nuna cimar mutane ba ta sauya sosai ba. Kusanci kaɗai bai isa ba matuƙar aljihu da makamashin girki da sabon baki suna nan yadda suke.

Saboda haka nauyin ya rabu biyu. Hukuma ce za ta sauƙaƙa jigila daga gonakin Kura da Kadawa zuwa cikin gari, ta tanadi wuraren adana kayan gwari, ta ba masu tebur gurbi a unguwanni. Makwabta kuwa za su iya haɗa kuɗi mutum ɗaya ya sayo kwando a raba, a busar da rarar lokacin araha, a jiƙa wake tun dare don rage gawayi, a dasa zogale a tsakar gida. Wanda ya yarda cewa lafiyayyen abinci ba rabonsa ba ne, zai wuce mai tallar rama a ƙofar gidansa ya je ya sayo abin da zai kwantar da shi.