Wanda Ya Gama Ɗauri, Zai Sami Lasisin Sana'a?

A ƙasar Amurka, iya sana'a kaɗai ba ya isa. Mai aski, da nas, da mai aikin lantarki, da mai gyaran famfo, a yawancin jihohi sai sun karɓi lasisi kafin su yi aikin kuɗi. Wajen 1950, waɗanda ke bukatar lasisi ba su kai 5 cikin 100 na ma'aikata ba. Amma wani rahoton gwamnati na 2015 ya nuna sun kai wajen 25 cikin 100.

Dalilin lasisi mai kyau ne, domin a tsare lafiyar jama'a da dukiyarsu. Inda wahala take shi ne, dokoki da yawa sun ce sai mai "halin kirki" za a ba. Da wannan kalma hukumar lasisi takan ƙi mutumin da aka taɓa ɗaurewa, ko da laifin ya daɗe, ko da bai shafi sana'ar ba. Har akan koya wa mutum aski a kurkuku, ya fito a hana shi lasisin askin.

Mu duba Jihar Kalifoniya. A can fursunoni sukan taimaka wajen kashe gobarar daji. Amma in sun fito, laifinsu na dā yakan hana su takardar shaidar ba da taimakon gaggawa, wadda ma'aikatun kashe gobara da yawa ke nema. A 2020 aka yi doka mai ba su damar roƙon alƙali ya share laifin daga takardunsu, ban da manyan laifuffuka kamar kisankai da fyaɗe. Wata dokar jihar ta 2018 kuma ta ce yawancin hukumomin lasisi su duba laifin da ya shafi sana'ar sosai, wanda kuma bai wuce shekara 7 ba, sai fa manyan laifuffuka.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2019 Nijeriya ta mai da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ana kuwa koyar da kafinta da ɗinki a ciki. Wanda ya ci amanar kuɗi, daidai ne kada mu ba shi ajiyar asusun ƙungiya. Amma me zai hana mu kai masa ɗinki? In an rufe wa mutum kowace ƙofar neman abinci, hanyar da ta kai shi kurkuku ita ce za ta rage masa.