Shin Da Gaske Jiki Na Sauyawa Duk Shekara Bakwai?

Wata magana na yawo a wayoyin mutane, wai duk bayan shekara bakwai jikin ɗan Adam yakan sauya kaf, har wasu na ɗora cewa wanda ya yi ta'asa shekara goma baya ai ba shi ne wannan ba. Masu tallar maganin wankin jiki sun samu abin faɗa, masu alhakin wayar da kai kuwa sun yi gum. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma lissafin bakwai ɗin ba shi da tushe, domin kowace gaɓa da nata wa'adin. Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon hanji da ƙyar suke wuce kwana biyar, jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120, na kitse kuwa sukan kai shekara goma. A 2005 Jonas Frisén na Cibiyar Karolinska da ke Suwidin, shi da abokan aikinsa, suka fito da dabarar sanin shekarun ƙwaya. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama kafin yarjejeniyar hana su ta 1963 sun ƙara sinadarin kabon-14 a iska, tsirrai suka zuƙa, mutane suka ci, ya zama tambarin shekarar haihuwa a cikin kowace ƙwaya. Da wannan ma'auni aka gano ƙwayoyin jijiya na ɓawon ƙwaƙwalwa sa'o'in mai su ne, a 2009 kuma aka nuna ko rabin ƙwayoyin tsokar zuciya ba ya sabuntuwa a tsawon rayuwa.

Jiki ke nan tamkar gidan ƙasa: yaɓe kowace shekara kafin damina, daɓe jefi-jefi, azara kuwa tana nan tun ginin farko. Wani zai ce to an gama, mutum yana zaune ne a cikin waɗannan ƙwayoyin da ba sa canjawa. Sai dai su ma galibin sinadaran da ke cikinsu kullum rushe su ake yi ana sake ginawa, wasu cikin kwanaki, wasu cikin makonni. Abin da ke ɗorewa shi ne tsari, wato yadda jijiyoyin suka sarƙu da juna suka riƙe harshe, sabo da tunanin jiya. Kasuwar Kurmi ba ta da ɗan kasuwa ko ɗaya daga cikin na farko, amma ba wanda ya sake mata suna. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke sau goma, mai ita ba ta ɓace mata a cikin ƙoren maƙwabta.

Masu fargabar cewa wannan bincike ya mayar da mutum tarin sinadarai su kwantar da hankali. Awon ya tsaya ne a kan tubali. Bai taɓa batun rai ba, kuma ba shi da sikelin auna alkawari ko nadama. Don haka bashin da aka ci shekara goma baya yana nan a wuyan wanda ya ci. Matashin da ke shan ƙwaya ko yake hawa babur ba hular kwano kuwa, ya sani azarar yake wasa da ita, ita ce kuma ba a sake sawa.