Kaka ta gabato: a yi hattara da kububuwa

Jama'a, musamman manoma da makiyaya da masu shiga daji neman itace, ga gargaɗi tun kafin a fara yankan gero da dawa. Ba zaki ko kura ko kada ne suka fi hallaka mutane a karkararmu ba. Bayan sauro mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, maciji na sahun gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara a faɗin duniya, kuma waɗanda yake bari da nakasa sun ninka haka. A 2017 hukumar ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A yankinmu na savana babu macijin da ya kai kububuwa ɓarna. Ƙarama ce, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, kuma launinta ya saje da ƙasa. Tana fakewa a ƙarƙashin dami da tarin kara da duwatsu, daidai inda manomi zai kai hannu. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma a nan haɗarin yake. Wanda ta sara zai iya wuni yana magana lafiya ƙalau, ƙafa ce kawai ta kumbura, har 'yan uwa su ce da sauƙi. Washegari sai a ga jini na tsattsafowa daga dasashi, yana fita a fitsari, tsohon miki ya dawo ɗanye. Idan jinin ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa ko a cikin ciki, yana iya kai wa ga mutuwa.

Jinkiri ne ke kashe da yawa daga cikin mutanenmu da maciji ya sara. Ana ɓata kwana biyu ko uku ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, sai jiki ya yi tsanani sannan a nufi asibiti. Don Allah a kiyaye waɗannan. Kada a ɗaure ƙafar da igiya ko roba, domin ɗaurin na kashe naman wurin har a kai ga yanke ƙafa. Kada a yi tsaga, domin tsaga ga wanda jininsa ba ya daskarewa buɗe masa hanyar mutuwa ne. Kada a tsotsi wurin, kada a dogara da baƙin dutse. Kada a ba wanda maciji ya sara asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Kada kuma a tsaya farautar macijin.

Abin yi shi ne a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da takalmi kafin kumburi ya matse su, a tallafe ƙafar ko hannun da sanda don kada ya motsa, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, kada a bar shi ya taka. A can za a ɗebi jininsa a zuba a busasshiyar kwalba, a jira minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai a yi masa allurar kashe dafi. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe, da cibiyar Zamko a yankin Langtang na jihar Filato, sun daɗe suna ceto rayuka da allurar EchiTAb, wadda aka haɗa musamman don macizan Najeriya. A guji sayen allura a kasuwa, domin wadda aka haɗa don macizan Indiya ba ta maganin dafin kububuwarmu. Idan kuwa gamsheƙa ce ta tofa dafi a ido, a wanke shi da ruwa mai yawa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan a tafi asibiti.

Rigakafi ba shi da tsada. A sa takalmin roba mai tsawo in za a shiga gona. A bugi dami da sanda kafin a ɗaga. Kada a tura yara su zura hannu a ramin gafiya. A riƙe tocila da dare. A share ciyawa a kewayen gida, a kashe ɓeraye a rumbu, domin su maciji ke biyowa. A kwana a cikin gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, yana kare mutum daga sauro da maciji baki ɗaya.

Gwamnatocin jihohi su tanadi allurar a manyan asibitocin ƙananan hukumomi tun yanzu, kuma a ba da ita kyauta, domin kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Hakimai da dagatai su tara jama'a, limamai su faɗa a huɗubar Juma'a. Kowane ƙauye ya binciko asibiti mafi kusa da ke da allurar, ya kuma ware mai mota da za a iya tasa ko da tsakar dare. A kammala wannan shiri kafin a sa lauje a gona. Allah Ya kare mu, Ya ba mu kaka mai albarka.