Birkin Adaidaitar Ƙungiya: Abin da Masu Dukiya Ya Kamata Su Sani

A ƙungiyoyin da nake zagayawa tsakanin Gaya da Ajingi, akwai waɗanda idan an fasa akwati suke haɗa kuɗi su sayi Adaidaita Sahu, su ba wani yaro yana kawo balas. Dabara ce mai kyau. Amma in na tambayi ma'aji yaushe rabon da a duba birki, sai ta ce ai wannan sha'anin direba ne. A'a, 'yan uwa. Shi direba balas ne a ransa, yinin da ya yi a gareji asara yake ganinsa. Dukiyar kuwa taku ce, kuma mutanen garinku ake ɗauka a ciki.

Birkin Bajaj da TVS da mai yake aiki. In direba ya taka, man birki ne ke bi ta siraran bututu zuwa tayoyi uku, ya tura layinin birki ya matse kwanon ƙarfen da ke cikin taya, wanda makanikai ke kira dirom. Don haka matsala ba ta cika wuce biyu ba: ko mai, ko layini.

In an taka birki ya yi laushi yana nutsewa, sai an yi ta famfo kafin ya kama, to iska ta shiga ko mai na yoyo. Ku leƙa ta cikin tayoyi, ko akwai inda ya jiƙe. Nan fa ake cutar masu keke: a ƙara mai a ce an gyara. Man birki ba fetur ba ne da ke ƙonewa. In yana raguwa da sauri, akwai inda yake fita. Sai an nemo wurin, an canza roba ko bututu, an fitar da iska. Kuma man da aka rubuta a murfi za a zuba, DOT 3 ko DOT 4, daga gorar da aka buɗe a gabanku. Baƙin mai yana kumbura robobi. Ruwan omo da wasu ke zubawa don su lallaɓa, wallahi wasa da rai ne. Ko ba yoyo, a sauya man duk shekara 2, don yana shan danshi.

Ƙarar gogar ƙarfe kuwa layini ne ya cinye, yana cin dirom, gyaran kuɗi kaɗan na shirin zama babba. In keke na karkata gefe guda lokacin tsayawa, wata taya ta fi wata kamawa; a canza na baya biyun tare. Taya mai zafi bayan 'yar tafiya, birki ne ya riƙe.

Shawarata, duk mako a cire wani abu daga balas a rubuta shi daban da sunan gyara. Sau ɗaya a wata direba ya kawo keken wurin taro ya taka birki a gaban mata biyu, ya fi kyau kafin Juma'a, ranar da ake lodin Wudil. In kaya za a sayo daga Ƙofar Ruwa a Kano, a kawo rasit, tsohon layinin da aka cire shi ma a kawo wa magatakarda ta gani kafin ma'aji ta fitar da kuɗi.