Ƙarancin Baƙaƙen Fata a Aikin Likitan Dabbobi a Amurka

Da wuya a samu wata sana'ar kiwon lafiya a Amurka da fararen fata suka mamaye kamar aikin likitan dabbobi, domin kusan tara cikin goma na masu yin sa farare ne, alhali baƙaƙen fata, waɗanda suka kai wajen kashi 13 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, rabonsu bai wuce kimanin kashi 2 ba. Mata kuwa, da a da ake ganin ba su iya kokawa da shanu da dawaki, yau su ne mafi yawa a aikin, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari na ɗaliban fannin mata ne.

Tushen ƙarancin baƙaƙen yana komawa ga zamanin wariyar launin fata, lokacin da jami'o'in jihohin kudu suka rufe ƙofarsu ga baƙaƙe. Wannan ne ya sa Frederick Patterson, wanda shi kansa likitan dabbobi ne kuma shugaban Cibiyar Tuskegee ta jihar Alabama, ya kafa makarantar koyon aikin a 1945, wadda ta yaye ɗalibanta na farko a 1949. Har yau fiye da kashi 70 cikin ɗari na baƙaƙen likitocin dabbobi na ƙasar daga nan suka fito, abin da ya zama yabo ga Tuskegee, kuma abin kunya ga sauran makarantun.

An daɗe da soke dokokin wariya, amma shingen da ya saura ba a rubuce yake ba. A 1920 baƙaƙe ne kashi 14 cikin ɗari na manoman Amurka, yanzu ba su kai kashi 2 ba, saboda haka yaran da ke tasowa suna ganin likita yana duba haƙoran doki ko yana taimakon saniya wajen haihuwa sun ragu ƙwarai. Ga kuma tsadar karatu, wanda ke cin shekara 4 bayan digirin farko, ya bar ɗalibi da bashin da sau da yawa yakan haura dala 150,000. Sannan makarantu suna bukatar mai neman gurbi ya nuna ya yi ɗaruruwan awoyi yana koyo a hannun likita, galibi ba albashi, sharaɗin da ɗan mai hali kan cika cikin hutu, amma yakan gagari wanda dole ya yi aikin neman kuɗin makaranta.