Idan Haƙori Ya Daina Ciwo da Kansa

Wanda ya taɓa kwana zaune da hannu a kunci ya san ciwon haƙori ba ya jin lallashi. An tura kanumfari a kogon, an kuskure da ruwan gishiri, an aika yaro kemis ya sayo maganin kashe zafi. Bayan kwana uku ko huɗu sai ciwon ya ɗauke ɗif, mai shi ya ce Alhamdulillahi, tsutsar ta mutu. Likitocin haƙori kuwa wannan shirun ne ya fi tayar musu da hankali.

Maganar tsutsa tsohuwa ce, har mutanen Babila sun rubuta ta a allunan yumɓu. A 1890 wani likita Ba'amurke mazaunin Berlin, Willoughby Miller, ya nuna cewa ƙwayoyin cutar baki ne ke cin ragowar sukari da gari, su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye haƙori. Ɓawon waje shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ba shi da jijiya, don haka ɓarnar kan fara ba a ji. A can tsakiya akwai ɓargo mai jijiyoyi da hanyoyin jini, wanda ya zarce ta siraran magudanai har ƙarshen saiwa.

Yanayin ciwon ne ke faɗin inda ruɓar ta kai. Idan ka kurɓi ruwan sanyi haƙorin ya tsira maka, ya kuma lafa nan take, galibi ciko ya isa. Amma idan zogin ya daɗe bayan ka ajiye kofin, ko shayi mai zafi ya tayar da shi, ko ya tashe ka tsakar dare haka kawai yana bugawa kamar ganga, to ɓargon ya kumbura a ɗakin da ba shi da wurin buɗewa. Daga nan ba ya warkewa. Mutuwa yake yi, shi ya sa ciwon ke ɗaukewa, ƙwayoyin cutar kuma su gangara cikin ƙashin muƙamuƙi. Sai ƙurji ya fito a dasashi, taunawa ta gagara, kunci ya haye. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan na asibiti ne a daren nan, ba sai gari ya waye ba.

A wannan matakin zaɓi biyu ne: a cire, ko a wanke saiwar. Mutanenmu sun fi cewa "Likita, cire shi in huta", saboda ya fi araha. Sai dai giɓi ba hutu ba ne: maƙwabtan haƙorin kan karkato, na samansa ya zazzago.

Wankin saiwa aikin haƙuri ne. Bayan hoto da allurar kashe wuri, likita kan kewaye haƙorin da wata 'yar shimfiɗar roba don kada miyau ya shiga, dabarar da Sanford Barnum ya fito da ita a 1864. Sai ya huda ta sama, ya bi kowace magudana da ƙarafa sirara kamar allura, yana kankarewa yana ɗaurayewa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Haƙorin gaba yawanci magudana ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe. Wadda aka manta da ita ce kan dawo da ciwon. Idan wuri ya tsarkaka sai a cushe shi da gutta-percha, ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya. Zama ɗaya ko biyu kan isa.

Abin da ake yawan sakaci da shi shi ne hular da ake ɗora wa turmi daga baya. Haƙorin da aka rarake ya yi rauni, wata rana sai ƙashin tsire ko tsakuwar cikin shinkafa ta tsaga shi gida biyu, kuɗin aikin ya bi ruwa. Su kuwa kafso ɗin kemis ba sa maye gurbin wannan aiki, domin jini ne ke kai magani inda ake bukata, mataccen ɓargo kuwa jini ya daina zuwa masa.